Madobiyar da Baffa Ya Lanƙwasa

Tun da ƙarfi ya fara barina na sakar wa babban ɗana shagon kafinta, ba na zuwa wurin aiki sai an matsa mini. Kwanakin baya ya matsa, ya goya ni a babur har Kwanar Dangora, wai in ga gidan da suke yi wa wani mai kuɗi da ke zaune a birni, wanda ba ya zuwa sai da salla. Gidan bene ne, matakalarsa ta murɗe kamar bayan dodon koɗi, an bi ta da abin dafawa na katako tun daga ƙasa har sama, ba ka ganin inda aka haɗa. Ƙofofin duk masu baka ne, tagogin ma haka, har silin ɗin falo an zagaye shi da katako a lanƙwashe. Ma'aikata suna ta nuna mini nan da can suna jiran in yaba. Ni kuwa na ɗora tafin hannu a kan abin dafawar na bi shi a hankali, na ƙwanƙwasa da yatsa, na kara kunne, na sunkuya na kankari ƙasansa da farce in ga ko akwai abin da fenti ya rufe.

"Baba, me kake nema?" in ji ɗana.

"Ina aka haɗa shi?"

"Ba irin haɗin da ka sani ba ne. Katako aka yanka sirara-sirara, aka shafa gam, aka matse su a lanƙwashe har suka bushe suka zama ɗaya."

"Gam ɗin wa ya sayo?"

"Ni da kaina."

"Katakon damina nawa ya yi a ajiye?"

"Baba, yanzu inji ke busar da shi."

"Ka gani da idonka, ko gaya maka aka yi?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya dubi yaransa, ya ce, "Kun ji ko? Baba dai kowa ɓarawo ne a wurinsa sai ya rantse. Ko ya rantse ɗin ma sai an kawo shaida."

Ban sami aibu a aikin ba, wannan gaskiya ce, kuma mai yiwuwa ne babu shi. Amma na daɗe da daina yarda da abu mai santsi. In na ga katako yana sheƙi, tambayar da ke fara zo mini ita ce me aka binne a ƙarƙashi. Ɗana yana ɗauka tsufa ne ya sa ni haka, matata kuma tana cewa tun ina da sauran baƙin gashi haka nake. Ita ta fi kusa da gaskiya. Abin da ba su sani ba shi ne, mutumin da na fara kamawa yana ɓoye ɓarna a ƙarƙashin mai da launi ni ne, kuma tun daga ranar nake ganin hannuna a aikin kowa.

Na koyi sana'a a wani ƙauye kusa da Yako, a rumfar kara da ke gindin wata ɗorawa. Maigidanmu ɗan masassaƙi ne, ubansa turmi da taɓarya da ƙotar fartanya yake yi, shi kuma ya je Kano yana saurayi ya koyo zarto da ƙusa, ya dawo ya haɗa biyun. Ba mu da inji ko ɗaya. Da an sallame asuba za ka ji gizago yana cin itace, tak, tak, ba sauri ba jinkiri, har mata a cikin gidaje sukan ce da shi suke sanin lokacin ɗora koko. Katako kuwa a rami ake tsaga shi, mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa da dogon zarto, na ƙasan garin itace na zubo masa a ka har ya fito kamar wanda aka yi wa wanka da tsaki. Shekara biyu na yi a ƙasan ramin nan kafin a bar ni in hau sama. Aikina na farko kullum shi ne wasa kayan aiki a dutse, sannan in share ɓawon sassaƙa in kai wa matar Maigida ta hura wuta. Ranar Juma'a da safe kuma mu juya katakon da ke jibge a rumfar baya, na ƙasa ya koma sama, don iska ta ratsa kowanne. Har yau in na rufe ido ina jin ƙanshin madobiya sabuwar yanka, da jan ruwan da ke tsattsafowa daga jikinta yana manne wa yatsa. Yanzu shagon ɗana ƙarar janareta ce da warin sinadari, sai an yi ihu ake jin juna, mai ba da aiki kuma yana zuwa da hoto a waya ya ce irin wannan yake so nan da mako biyu.

Maigida ba mai yawan magana ba ne, amma a kan abu mai lanƙwasa yana da doka, kuma yakan maimaita ta har mu gaji. Yakan ce itace yana da jijiya, kuma a miƙe take tafiya. In ka ɗauki katako miƙaƙƙe ka yanke baka daga cikinsa, ka datse jijiyar a wurare da yawa, zai yi kyau a ido, amma ranar da nauyi da danshi suka haɗu a kansa zai rabu. Don haka shi ba ya yanka baka. Nemo itacen da ya girma a lanƙwashe yake yi, jijiyarsa ta bi lanƙwasar da kanta, aikinsa kawai ya rage masa kauri ya daidaita shi. Shi ya sa duk mai hali a ƙasar Kiru da Bebeji da ke son ƙofar zaure mai baka, wurinsa yake zuwa, ya kuma yi haƙurin jira.

Irin wannan itace ba a samunsa a bakin hanya. Mai kawo masa shi wani Bafulatani ne da muke kira Baffa, yana da ruga da 'yar gona can wajen Falgore. Shi da Maigida tun suna samari suke tare. Baffa yana da wata dabara da ban taɓa ganin wani da ita ba. In yana kiwo ya ga 'yar madobiya mai laushi da ta miƙe da kyau, sai ya sunkuyo da kanta ya ɗaure da igiya a jikin turke, ya tafi. Baɗi in ya biyo da shanu ya sassauta ko ya ƙara ja, ya sake igiyar in ta ruɓe. Haka zai yi ta yi shekara da shekaru har itacen ya yi kauri a sunkuye. Ya san kowacce da inda take kamar yadda ya san shanunsa. In ya zo ranar kasuwa, da ƙwaryar nono a hannu, tun daga nesa Maigida zai fara.

"Ga mai kiwon itatuwa nan. Yaya garken, sun sha ruwa?"

"Sun sha. Su dai ba sa surutu kamar Haɓe."

"Zauna, ɗan Fulani, kafin iska ta ɗauke ka."

Sai su zauna a kan gungume su dama fura, su yi ta zolayar juna har la'asar. Sandar kiwon Baffa Maigida ne ya sassaƙa, kujerar tsugunnon matarsa ma haka. Ni dai ban taɓa ganin Maigida ya juya itacen da Baffa ya kawo yana dubawa ba. Na kowa sai ya ƙwanƙwasa ya sansana, na Baffa kuwa sai dai ya ce a kai rumfar baya.

Shekarar da abin ya faru ni ba yaro ba ne, ba zan ɓoye a bayan ƙuruciya ba. Na yi aure, ni ne babba a rumfar, har mutane sun fara cewa hannuna ya kusa kamo na Maigida, ni kuma na fara yarda da su. Wani Alhaji mai sayen hatsi a Kiru ya gina sabon zaure, yana son ƙofa mai baka wadda ba irinta a garin. Baffa ya kawo madobiya biyu a bayan takarkari, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, waɗanda za su haɗu a sama su ba da bakan. Ya ce tare ya ɗaure su rana ɗaya, a gefen rafi ɗaya, tun babbar 'yarsa tana goye, ga shi yanzu tana tallan nono. Suka yi shekara guda cur a rumfar baya muna juya su. Da lokacin sassaƙa ya yi, sai aka aiko wa Maigida cewa wansa ya rasu a Doguwa. Kafin ya tafi ya share wuri a tsakar rumfa, ya kafa turke, ya ɗaura igiya ya yi mata ƙulli, ya zana rabin da'ira a ƙasa da ƙusa. Ya rufe zanen da zana.

"Kowanne ka kai shi ga zanen ƙasa," ya ce mini. "Kada ka auna ɗaya da ɗan'uwansa. Ka ji?"

"Na ji, Maigida."

"In zanen ya goge, ga igiya ga ƙulli, ka sake."

Kwana bakwai ya ce zai yi. Zazzaɓi ya kama shi a can, ya yi sama da wata biyu. Alhaji kuwa kullum sai ya aiko, yana son a kafa ƙofa kafin ruwa ya sauka. Na fara aiki yadda aka ce, ina ɗaukar itace mai nauyi in kwantar a kan zane, in duba, in ɗaga, in sassaƙa, in sake kwantarwa. Ran nan awaki suka shiga suka tattake zanen. Igiyar tana rataye, ƙullin yana nan, aikin da bai fi shan ruwa ba. Amma na ga ɓata lokaci ne. Na ce a raina, tunda biyun za su zama daidai da juna ne, me zai hana in jingina su in riƙa dubawa? Na jingina. Na ga na hagu ya ɗan fi na dama ciki, na rage shi. Da na sake jinginawa sai na ga na wuce, na dama ne ya fi. Na taɓa na dama kaɗan. Na koma na hagu. Duk wanda ya taɓa riƙe gizago ya san yadda wannan ke ƙarewa, ni ma na sani, amma hannuna ya ƙi tsayawa, kullum ina ganin sara ɗaya ya rage. Zuwa kwana na uku tsakiyar na hagu ta sirance kamar damtsen yarinya. Na dafa shi da gwiwa in gwada ƙarfinsa, sai na ji ƙas.

Na daɗe a tsugune ina kallon guntaye biyun. Ba wanda ya gani, sauran sun tafi ramin tsaga. Da na je Doguwa na faɗa, da Maigida ya zage ni, watakila ya kwana biyu bai amsa gaisuwata ba, a ba Alhaji haƙuri, shi ke nan. Amma na tuna masu cewa hannuna ya kusa kamo nasa. Na ja guntayen na kai bayan rumbun gidanmu na tura ƙarƙashin tarin kara. Na zaro wani faffaɗan katakon maje daga jibgin, na kwantar da na dama a kansa na zana, na yanke baka daga miƙaƙƙen katako, abin da aka hana mu tun ranar da muka fara riƙe zarto. Na goge shi sumul, na shafa jar ƙasa, na kanga shi a hayaƙi, na bi shi da man kaɗanya sau uku har launinsa ya zo ɗaya da madobiya. Aka kafa, magini ya yaɓe gefe da gefe, aka rataya ƙyaure. Jama'a suka yi ta zuwa kallo. Alhaji ya ba ni hula. Da Maigida ya dawo, a rame yake, idonsa kuma ya fara yana, sai da aka riƙe masa hannu ya je. Ya tsaya daga ƙasa ya ɗaga kai, ya shafa inda hannunsa ya kai, wanda kuwa na dama ne don ni na ja shi ta nan, ya ce, "Madalla."

Da aka shiga marka, ruwa kwana da kwanaki, ginin ya sha ya yi nauyi. Wata Juma'a Alhaji yana zaune da baƙi a zauren, ɓangaren hagu ya tsage daga sama, ƙyauren ya zube gefe guda, ƙasa ta rufto a kan tabarmar baƙi. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Alhaji bai aiko ba, da kansa ya zo rumfa, ya faɗi maganganun da ban taɓa jin an faɗa wa Maigida ba, a gaban mutane. Maigida ya bari har Alhaji ya tafi. Sannan ya juyo wajena.

"Je ka ciro shi, ka kawo mini guntun in taɓa."

Na je na ciro majen, na farfasa shi a hanya na watsa a rafi. Na biya bayan rumbu na ɗaga karan. Wata huɗu madobiyar Baffa ta yi a kan ƙasa mai danshi, gara ta samu ta karayar ta shige ciki. Na zaɓi gindin, inda gizagona bai ci sosai ba, na datse shi da zarto, na goge ƙasar, na shafa masa mai, na kai. Maigida ya juya shi a hannu, ya sa yatsa a ramukan, garin itace ya zubo masa a cinya.

"Ba ka ga wannan ba lokacin da kake sassaƙa?"

"A ciki take, Maigida. Daga waje lafiya lau."

Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Gara ba ta shiga zuciyar ɗanyen itace. Wannan matacce aka tsinto a ƙasa." Na san inda maganar ta dosa, na kuma bar ta ta tafi.

Ranar kasuwa Baffa ya zo da ƙwaryarsa. Ba a yi zolaya ba. Maigida ya miƙa masa guntun ya ce, "Ɗaya ta karye maka a daji, ka tsinto matacciya ka cike, ka kawo mini. Da ka faɗa ai da na jira." Baffa ya dubi itacen, ya daɗe yana duban Maigida, dubawar da a lokacin ban gane ta ba. Ni ina gefe ina wasa gizagon da ba ya bukatar wasawa.

"Haka ka ce?" in ji Baffa.

"Haka itacen ya ce."

Baffa ya ajiye guntun a ƙasa a hankali, ya ɗauki sandarsa ya fita. Ƙwaryar nonon ya bar ta a nan, ta wuni ba wanda ya taɓa, da yamma matar Maigida ta zo ta ɗauke. Bai sake takowa rumfar ba.

Daga nan Maigida ya daina karɓar aikin baka. Duk wanda ya zo sai ya ce babu itace. Ya zama mai bincike, ya ƙwanƙwasa wannan ya sansana wancan, ya tambayi mai kawo katako sau uku a ina ya sara. Ni kaɗai ne bai taɓa bincika ba. Da idon ya tafi gaba ɗaya ni nake jansa masallaci, yana dafe da kafaɗata, wani lokaci ya ce, "Kai dai Allah ya yi maka albarka, ba ka taɓa ba ni kunya ba." Sau nawa na buɗe baki a hanyar nan, ban san adadi ba. Kullum sai in ce bari ya ɗan ji sauƙi, bari a wuce salla, bari a gama girbi. Ya yi shekara shida a haka ya rasu, ya bar mini rumfa da kayan aiki, 'ya'yansa ba su yi gardama ba don shi ya faɗa da bakinsa.

Na riƙe sana'ar, na kuma riƙe binciken, har na fi shi. Masu koyo a wurina ba sa daɗewa, don ba na iya barin mutum shi kaɗai da itace. In na fita na dawo sai na leƙa bayan jibgi, na ɗaga tarin ɓawo da ƙafa. Wani ya taɓa ce mini, "Maigida, in ka ga na saci abu ka faɗa mini kawai." Bai saci komai ba, mutumin kirki ne, yana nan yanzu da nasa shagon a Bebeji, in mun haɗu yana gaishe ni daga nesa. Duniya kuma ta yi ta sauyawa. Aka hana sara a dajin, inda ba a hana ba kuma aka sare har saiwa aka yi gawayi. Madobiya mai kauri ta zama sai labari. Injin yanka ya zo, katakon kanti ya zo, baka ya zama abin da ake yi a wuni ɗaya. Ba na cewa na da ne kaɗai mai kyau, na ga ƙofofin zamani da suka shekara ashirin ba su motsa ba. Abin da ya tafi shi ne mutum ya ɗaure itace yau saboda ƙofar da ba a ma haƙa harsashin ɗakinta ba, wani kuma ya karɓa bai duba ba.

An yi shekara goma sha wani abu da rasuwar Maigida, na kai gadaje kasuwar Tudun Wada, sai na hango wani tsoho zaune a gindin mangwaro kusa da masu sayar da gishirin shanu. Ya rame, ya sunkuya, amma sandar da ke jingine a kafaɗarsa na san wanda ya sassaƙa ta. Na yi niyyar in bi ta bayan rumfuna. Ƙafata ce ta kai ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi iyali, bai tambayi rumfa ba. Na ce, "Baffa, akwai maganar da na daɗe da ita." Na faɗa masa duka, tun daga awaki da zanen ƙasa har bayan rumbu, ban rage ba. Yana sauraro yana kallon ƙasa. Da na gama na jira zagi, ko ya ɗaga sandar, da na fi son haka.

"Maigidanka bai sani ba?" ya ce.

"Bai sani ba, Baffa."

"Ko kaɗan?"

"Har ya koma ga Allah."

Ya sa hannu ya rufe bakinsa. Da ya sauke ya ce, "Ni na san ba itacena ba ne a ƙofar nan. Sati guda da kafawa na biyo da shanu ta Kiru, na tsaya in gani, don na yi shekaru ina jiran in gan su a tsaye. Na shafa na dama, nawa ne. Na shafa na hagu, maje ne an yi masa kwalliya. Na ce a raina abokina ya yi ɓarna a sassaƙa, ya ji kunya ya rufe, ba zan tona shi ba. Da ya miƙo mini guntun nan a gaban yaransa, sai na ce ashe rufewar ba ta ishe shi ba, sai ya ɗora mini. Na dube shi ina jira ya sunkuyar da kai, bai sunkuyar ba. Na ce mutumin nan ya iya ƙarya ido cikin ido, ni ban sani ba shekara talatin."

Masu gishiri suna ta ciniki a gefenmu.

"Da yana jinya ya aiko," in ji Baffa. "Ta bakin wata mai tallan nono daga rugarmu. Ya ce a gaya wa ɗan Fulani ya zo, shi ya bar maganar. Na ce ita wace magana zai bari, shi da ya yi laifi? Na ƙi zuwa. Da aka ce ya rasu ina cikin shanu, ban ko je gaisuwa ba." Ya goge fuska da gefen rawaninsa. "Yaro, ka sauke mini kaya ɗaya ka ɗora mini wanda ya fi shi."

Na ce, "Baffa, ka yafe mini."

Ya dafa sanda ya miƙe, ya ce, "Ka san inda aka sa shi?"

Na bar gadajen a hannun maƙwabcin rumfa, muka shiga ƙaramar bas zuwa Yako, daga nan muka hau babur. Muka isa maƙabarta bayan la'asar. Ni na shiga ramin ranar da aka binne Maigida, ni na karɓe shi, na kuma tabbata kusa da wata aduwa ce. Amma aduwar an sare ta, damina da yawa sun wuce, ƙasa ta baje, sababbin kaburbura sun shiga tsakanin tsofaffi. Na yi gaba na dawo, na nuna nan, na ce a'a, ko can ne. Baffa yana tsaye yana kallona har na daina.

"Bari," ya ce. "Yana ji daga inda yake."

Ya cire takalmi, ya fuskanci wurin gaba ɗaya, ya yi sallama ya yi addu'a mai tsawo, rabi da Larabci rabi da Fulatanci. A ƙarshe ya sauke murya ya yi magana da Hausa, yadda suke yi a kan gungume, ya ce, "Kaɗo, ga mai kiwon itatuwa ya zo. Na makara."

Na raka shi bakin hanya ya sami babur. Na ce ya kwana, ya ce shanu. Bai ce ya yafe mini ba, ni kuma ban ga fuskar da zan sake tambaya ba. Damina biyu bayan nan na ji rasuwarsa, na je rugar na yi gaisuwa, 'ya'yansa suka shimfiɗa mini tabarma suka kawo nono, a matsayin yaron abokin babansu. Na sha, don ban san yadda zan ƙi ba.